Shekarar da Shanunmu Suka Ci Ƙashi

Na san abin da kuka ji a bakin dangi game da ni da baffanku Sale. Wasu sun ce muku rabon gado ne ya shiga tsakaninmu, wasu sun ce matanmu ne ba su jitu ba. Ko ɗaya ba gaskiya ba ne, kuma ba na so in kwanta dama in bar ku da wannan zance. A kan kanwa muka rabu, da wata magana guda da ta kuɓuce mini wata safiya a bakin garke. Ke Amina kina cikin mahaifiyarki a lokacin, sauranku kuwa ko labarinku babu. Don haka bari in faɗa muku yadda abin ya kasance, ba ragi ba ƙari, ko da yake ni ne zan fi shan kunya a ciki.

Mu biyu ne maza a wurin Inna. Sale ne babba, ya ba ni shekara bakwai, kuma ban taɓa kiransa da sunansa ba sai Hamma, yadda ake ce wa yaya a gidanmu. Fulatanci ya soma suɓuce mana tun muna yara, amma wannan kalma ta zauna. Mun tashi mun tarar da garken jajayen shanu masu dogayen ƙaho, mun kuma tarar da wani tsari da ba wanda ya taɓa tambayar dalilinsa. Da rani muna fadama, tsakanin Haɗejiya da Baturiya, ruwa yana ja da baya shanu suna bin sa, suna cin ɗanyen burugu. Da ruwan fari ya sauka, fadama ta soma cika, sauro da bobuwa suka taso, sai a ɗaura kaya a kan takarkari a yi arewa, ƙasar Manga, tafiyar kwana goma sha wani abu. Can akwai tafkuna da rijiyoyi masu kanwa. Shanu su yi kwana uku ko huɗu suna sha, cikinsu ya wanke, sannan su faɗa wa ciyawa kamar ba su taɓa ganin ta ba. In kaka ta yi muka juyo gida, mutanen gari sukan fito bakin hanya su tsaya kallo, don jikin shanun sheƙi yake yi kamar an shafa musu mai, ga 'yan maruƙa suna tsalle a baya. Yanzu da na tsufa, in na rufe ido warin bakin tafkin nan nake ji, da ƙarar ƙahoni suna gogar juna wajen shan ruwa. A wancan lokaci kuwa ba abin da nake gani a tafiyar sai ƙaya da ƙishirwa da faso a ƙafa.

A kan wannan hanya mahaifinmu ya rasu. Zazzaɓi ya kama shi saura kwana biyu su kai tafkin, ya cika a gindin wata aduwa. Ni ina gida a shekarar, an bar ni da Inna saboda ciwon gwiwarta. Hamma ne ya yi masa wanka, shi da wasu matafiya biyu da bai san ko sunansu ba. Ya binne shi, ya kai shanun suka sha kanwarsu, ya dawo da su da kaka ko ɗan maraƙi bai ɓata ba. Bai taɓa ba mu labarin ranar ba. Ku riƙe wannan, don ku gane nauyin abin da na faɗa masa daga baya.

Bayan shekara biyar na auri mahaifiyarku Hajara, 'yar cikin gari, wadda ba ta taɓa kwana a daji ba. Bulama ya ba ni gona a fadama, mai kyau da shinkafa. Na kuma je kasuwar Malam Madori na ga yadda mutane suke turke sa a gida, su ba shi dusa da harawa wata huɗu, ya cika ya batse, su sayar wa mahauta ko masu layya. A gefen kasuwar kuma ga kanwa nan buhu-buhu, ja da fara, an jibge. Sai na tsaya ina tunani: abin da ake tafiyar kwana da kwanaki a sha, ga shi mota ta kawo shi har ƙofar gida. Me ya rage a arewa ban da wahala? Na ɗauka na gano abin da kakanninmu suka kasa ganowa.

Ruwan fari ya sauka ranar Laraba. Ranar Juma'a da safe, bayan an gama tatsa, shanu duk sun juya fuska arewa suna kuka, don su ma sun san lokaci. Hamma yana zaune a kan kifaffen turmi yana gyaran igiyar 'yan maruƙa, Inna tana kaɗa nono a ƙofar ɗakinta. Na tsuguna na gaya masa shawarata: bana a zauna, a tsare shanu a tudun bayan gari, a yanko musu ciyawa, a sayo kanwa a kasuwa.

"Kanwar buhu daban, ta tafki daban," in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Hamma, daga can fa ake ɗebo ta. Ita ce dai."

"Ita ce. Amma ba ita kaɗai suke zuwa nema ba."

"To mene ne kuma?"

Ya ja igiyar da haƙori, sannan ya ce, "Ban san sunansa ba. Na dai san in sun je sukan samo shi."

Wannan amsa ta ba ni haushi, don a ganina taurin kai ne kawai. Muka yi ta ja, murya tana tashi. Ya ce shinkafa ta shiga mini kai. Na ce tsoron sabon abu ne yake damun sa. Daga nan na faɗi abin da na faɗa.

"Ni dai ba zan ƙare rayuwata ina bin wutsiyar saniya ba, in je in mutu a gindin itace kamar wanda ba shi da kowa."

Inna ta daina kaɗa nonon. Hamma ya ajiye igiyar a hankali, ya dube ni irin duban da ake yi wa baƙon da aka rasa inda aka san shi.

"Yana da kowa," ya ce. "Ina wurin."

Da la'asar ya kira dattawa biyu aka raba garke, ba gardama, duk wadda na nuna sai ya bar mini. Da aka zo kan shanun Inna aka tambaye ta, ta ce gwiwarta ba za ta kai ta arewa ba, shanunta kuwa suna inda take. A cikinsu akwai Wule, wata ja mai farin goshi, jikanyar saniyar da mahaifinta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Washegari Hamma ya haɗa kan iyalinsa, ya durƙusa ya yi wa Inna sallama, ya miƙo mini hannu muka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a kasuwa. Shanuna sun yi kwana uku suna kuka suna jan igiya. Na ce za su saba.

Daminar ta yi albarka, ta kuma ƙara mini girman kai. Shinkafa ta yi, aka haifi Amina, ciyawa har ƙugu. Gonaki sun kewaye tudun ta ko'ina, don haka shanun ba sa wuce fili guda, sauran abincinsu mu yanko a fadama mu kawo musu. Kowane mako ina jiƙa musu kanwa a komi. Na ware bijimai huɗu na turke su a gida don babbar salla. Da kaka ta zo na soma duban hanyar arewa, ina shirya yadda zan zagaya da Hamma in nuna masa rumbuna. Garkunan mutane suka yi ta wucewa, nasa bai zo ba. Daga baya wani falken kanwa ya kawo saƙo cewa suna lafiya, amma bana a bakin kogin Komadugu za su yi rani.

Abu na farko da ya faru, dariya muka yi masa. Hajara ta wanke zanenta ta shanya a kan danga, ta shiga ɗaki ta ba Amina nono, ta fito ta tarar da Wule ta haɗiye rabinsa, sauran yana reto a bakinta.

"Inna, kin ga saniyarki! Zanen suna ne fa, sau biyu na ɗaura shi!"

"Ja shi a hankali, kada ki ji mata ciwo," in ji Inna. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

Bayan kwana kaɗan sabulu ya ɓace a bakin randa. Sannan na bi sawun shanu uku da suka ɓalle, na same su a jujin gari sun kewaye ƙasusuwan wani mushen jaki, kowace ta miƙe wuya tana tauna, yawu yana zuba, na sa sanda amma suka ƙi saki. A duk tashina ban taɓa ganin saniya tana cin ƙashi ba. Suka koma lasar katanga da suri, suna tsince leda duk inda iska ta kai ta. Jan nan nasu mai duhu ya koɗe, gashi ya tashi tsaye. In an kora su sai su riƙa tafiya a sanƙare kamar masu taka ƙaya. Shanun mata suka daina neman bijimi. Bijiman da ke turke kuwa suna cin tattakar shinkafa da dusa har su bari, ciki ya yi tulu, amma ƙashin baya yana waje, kuma sun gaigaye turakunsu sun kusa raba su biyu. Na ce kanwa ce ta yi kaɗan, na ninka. Zawo ya ɓarke musu, suka ƙara zubewa. Na bar fara na koma ja, na je har Kafin Hausa neman wadda aka ce ta fi ƙarfi. Maƙwabta suka ce baki ne, na nemo turare na yi wa garke hayaƙi. Ba abin da ya sake.

Wata yamma ina tsaye na rasa abin yi, Inna ta dogaro sandarta ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta daɗe tana duban su.

"Ba ciwo ba ne, Umaru. Nema suke yi."

"Neman me, Inna? Ga abinci, ga kanwa, ga ruwa."

"Da mutumin nan yana kusa, da an tambaye shi."

Haka take ce masa, mutumin nan. Ɗan fari ne, kuma ku na yanzu ba za ku gane irin kunyar matan da ba. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yabon sa a gaban mutane ba, in ya shigo ma sai ta kau da kai. Wannan ne kusan karo na farko da na ji ta kawo zancensa da bakinta, ni kuwa na yi kamar ban ji ba.

Da zafin bazara Wule ta haihu. Ɗan bai kwana biyu ba ya mutu, ita kuma ta kasa tashi. Kwana uku muna sa mata itace a ƙarƙashi muna ɗagawa, da mun saki sai ta zube. A rana ta huɗu Inna ta zo ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan saniyar a cinyarta, ta shafa farin goshin, ta yi mata wasu maganganu da Fulatanci waɗanda ban gane rabinsu ba. Sannan ta ce a kira mahauci tun tana halal. Da ya farke tumbin sai ya yi salati, ya kira ni. Abin da ya zaro ya cika kwando: leda ta nannaɗe da igiya da tsumma sun dunƙule kamar kan mutum, guntayen ƙashi, har da gindin takalmin roba. Ya kama haƙarƙarinta ɗaya ya lanƙwasa da hannu biyu, ya karye kamar kara. Inna ta leƙa kwandon sau ɗaya, ta shige ɗaki. Ba ta ci naman ba, kuma ba ta ce mini uffan ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mahaucin nan ne ya ba wa wani malamin dabbobi labari, Malam Gambo, wanda yake zuwa duba nama ranar kasuwa. Ba wanda ya kira shi, ya hau babur ɗinsa ya zo. Gajere ne, ba ya son dogon gaishe-gaishe. Ya zagaya shanun, ya matsa haƙarƙarin wannan, ya buɗe bakin waccan, ya ɗebi tattakar ya murza, ya leƙa komin kanwa, ya je ya duba filin da suka yi damina. Sannan ya zauna a inuwa ya ce in zo.

"Malam Umaru, cikinsu a cike yake, jikinsu ne bai samu ba. Kanwa da gishiri suna da nasu aikin, suna buɗe musu ci, suna sa su sha ruwa. Amma ƙashi da nono da ɗan da ke ciki, akwai wani sinadari da ake gina su da shi. A takarda fosfaras muke ce masa, kuma babu shi a kanwa, ko buhu ɗari za ka ba su. Daga ƙasa yake shiga ciyawa. Ƙasar tudun nan ruwa ya wanke ta, tattakar shinkafa kuwa cika ciki ce kawai. Saniya mai shayarwa in ba ta samu ba, daga ƙashinta take cira ta zuba a nono. Shi ya sa kake ganin su a juji. Da can a ina suke yin damina?"

Na gaya masa.

"To ka gani. A tafiyar nan ƙasa iri nawa suke takawa? Nan su ci sabon tsiro, can su ci ganyen itace, gaba su lashi ƙasar wani kwari. Abin da wannan wuri ya rasa, wancan ya cike. Kai ka tsayar da su wuri guda, ka kawo musu abu ɗaya ka bar sauran a can."

Na sunkuyar da kai. Abin da Hamma ya ce bai san sunansa ba, ga shi an faɗa mini sunan, bayan ya ci mini Wule.

Malam Gambo ya koya mini abin yi. In tara ƙashi wurin mahauta, in ƙone shi har ya yi fari fat ciki da waje, don ɗanyen ƙashi cuta yake kawowa. A daka, a tankaɗe. Kwano biyu na garin ƙashi, kwano ɗaya na gishiri, kanwa kuwa 'yar kaɗan. A barbaɗa cikin hannu ɗaya a dusar kowace dabba, sauran a zuba a komi a inuwa, mai so ta lasa. A rage tattaka, a ƙara harawa da angurya. A mako na gaba ya kawo mini wani dunƙulen gishirin lasa daga birni, irin wanda yanzu kuke gani a kowane shago, ya ce akwai wasu ƙananan sinadarai a ciki, su ne za su dawo musu da launinsu. Haka gidanmu ya koma gidan ƙona ƙashi. Ni ina haɗa wuta a bayan gari, ƙauri ya cika unguwa, mahaifiyarku tana daka a tsohon turmi da Amina a bayanta, hannunta duk ya yi kanta. Ku tuna da wannan in kuna yi mata addu'a, don 'yar gari ce, ba don haka ta yi aure ba, kuma ba ta taɓa ce mini ga abin da ka jawo mana ba. Mutane suna wucewa suna dariya, wai Fulani sun koma ciyar da shanu da 'yan'uwansu. Inna ma da farko ta ƙi.

"Saniya ta ci ƙashin 'yar'uwarta, a gidana?"

"Inna, ai tuni suke ci. Gara mu ba su mai tsabta."

Ta yi kwana biyu ba ta leƙa garke ba. A na uku na fito da safe na tarar da ita zaune a gaban kwanonin, tana auna gishiri da kanta, wai hannuna ya cika nauyi.

Abin bai zo da sauri ba. Kafin ya kama su mun ƙara rasa shanu biyu da 'yan maruƙa uku, sallar shekarar kuma ta wuce bijimaina ba su kai a nuna wa kowa ba. Amma bayan wata biyu suka daina zuwa juji. Tafiyarsu ta sake, gashi ya kwanta, ja ya soma dawowa daga wuya. Bijiman suka ɗauki nama a cinya da tozo, har masu dariyar nan suka soma zuwa da kwano a ɓoye suna tambaya ko akwai saura. Daga nan ne sana'ar da kuka tashi kuka gan ni a ciki ta samo asali. Da ita muka dawo cikin Haɗejiya, da ita na gina gidan nan, da ita kuka yi karatu. Jajayen kuwa na yi ta sayar da su ɗaya bayan ɗaya, don ba su da haƙurin turke, na koma sayen bijimai a kasuwa in kiwata in sayar.

Ga inda laifina yake, kuma shi ne abin da nake so ku sani. Ranar da Malam Gambo ya gama maganarsa ya kamata in hau mota in nemi Hamma, in ce masa ka yi gaskiya, in kuma janye abin da na faɗa game da mahaifinmu. Tafiyar yini biyu ce kawai. Ban je ba. Da farko na ce sai shanun sun murmure, kada ya ga abin kunyata. Da suka murmure na ce sai an girbe shinkafa. Bayan girbi na ce ai shi ne babba, shi ya kamata ya waiwayo mahaifiyarsa. Shi ma, kamar yadda na ji daga baya, yana can yana cewa in ana bukatar sa za a aiko. Yakan aiko wa Inna da man shanu da cuku ta hannun fatake, ni ma in aika da shinkafa, amma ba wanda ya haɗa da kalma. Kowace ranar kasuwa Inna takan sa a shimfiɗa mata tabarma a soro, in na dawo ta tare ni da tambaya guda.

"Masu kanwa sun zo?"

Ba kanwa take tambaya ba, mu duka mun sani. In na ce sun zo, sai ta jira. In na ce ba saƙo, sai ta ce, "To, madalla, ba saƙo ai lafiya ke nan," ta naɗe tabarmarta. Shekara tara muka yi a haka.

Sai da ta kwanta ciwon ajali na tashi. Na je bakin Komadugu aka ce sun yi shekara biyu da barin wurin. Na bi har inda mota take tsayawa, aka ce sun tsallaka iyaka, ba wanda ya san rijiyar da suke. Na bar saƙo a bakin duk wanda na gani da sanda a kafaɗa, na juyo. Na iso gida da azahar, na same ta ta rame har ba ta cika shimfiɗa. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa. Ba ta tambaye ni ba. Can ta yafito ni, na kai kunnena.

"Faɗi sunansa in ji."

"Sale, Inna."

"Sake."

"Sale."

Ta lumshe ido ta ce, "Ubanku ne ya zaɓa. Yana da daɗi. Ni ban taɓa ɗanɗana shi ba."

Bayan kwana biyu ta rasu, da hantsi.

Saƙona ya same shi a makare. Kwana goma bayan sadakar arba'in, ina zaune a ƙofar gida, wani dogon tsoho ya yi sallama yana tambayar gidan Umaru mai shanun turke. Sai da ya cire rawanin da ya rufe bakinsa na gane shi. Gemunsa ya yi fari, haƙoransa na gaba sun zube. Muka yi wa juna gaisuwa, na kai shi maƙabarta, na ja gefe. Ya daɗe a tsugune. Da muka dawo Hajara ta kawo masa fura, ku kuka zo kuka gaishe shi, Amina ce kaɗai take iya tunawa. Kwana uku ya yi, muna hirar ruwa da ciyawa da waɗanda suka mutu. A safiya ta biyu ya ce in nuna masa dabbobin. Ya shiga rumfar, ya tsaya wajen wani farin sa da ya kusa fita, ya shafa bayansa tun daga tozo har wutsiya.

"Wannan ɗan wace ce?"

"Sayo shi na yi, Hamma."

"Sunansa fa?"

"Ba shi da suna. Wata huɗu zai yi ya tafi."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "Ya yi kyau." Sannan ya sunkuya kan komi, ya dangwali garin da yatsa ya kai bakinsa, ya ɗanɗana, ya tofar. "Mene ne a ciki?"

Na ba shi labarin duka, tun daga zanen Hajara har kwandon mahauci, da abin da Malam Gambo ya ce, da sunan abin. Da na zo kan Wule ya kau da kai. Ya gwada faɗin sunan sau biyu, harshensa ya ƙi, ya bari. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, nasa ma sun soma bin ƙashi. Gonaki sun cinye burtali, tafkuna biyu daga cikin waɗanda muka sani sun ƙafe, yanzu shi ma kusan wuri guda yake damina da rani. Na yi shekaru ina ganin ɗayanmu ne ya yi daidai, ashe hanyar ce take rufewa a bayanmu mu duka.

Ranar tafiyarsa na cika masa buhu da garin, na ɗauka a kaina har tasha, ban bar kowa ya taya ni ba. Ya shiga mota ya zauna a gefen taga, aka ɗaure buhun a sama. Direba yana ta kiran fasinja. Na san in ban faɗa yanzu ba, shi ke nan. Na kama ƙofar na ce:

"Hamma, maganar nan da na yi ran nan, game da Baba..."

"Kwano nawa ka ce na ƙashi?"

"Biyu. Hamma, ina so in ce..."

"Gishiri ɗaya."

"Ɗaya."

"Kanwa 'yar kaɗan." Ya ɗora hannunsa a kan nawa, ya danna, ya ɗauke. "To. Ka gai da Hajara."

Motar ta tashi. Ban sake ganin sa ba. Bayan shekara huɗu aka kira ni a wayar wani aka ce ya rasu, a cikin bukkarsa, 'ya'yansa suna kewaye da shi. Har yau ban sani ba ko ya tare bakina ne don ya riga ya yafe, ko kuwa don bai so ya ji zancen ba ko da a bakin mai neman gafara. Wata rana in ga kamar wannan ne, wata rana wancan. Ba wanda ya rage da zan tambaya.

Ya bar maza uku da mata biyu. Na ji suna nan a wani ƙauye arewa da Nguru, sun dawo ta wannan gefen iyaka, autansu sunansa Umaru. Ban san da haka ba sai bayan rasuwarsa. Ni ƙafata ba za ta ƙara hawa motar wannan hanya ba. Ku kuna da motoci, kuna da waya, ba ku da wata magana da ta tsaya muku a wuya. Ku shirya ku je, ku kwana a wurinsu, ku ci abin da suka ci. Ku je tun ina da ran da zan ji labari.